Gizo-gizon 'Yar Farina

Ni da kiwo na tashi. Ina da shekara bakwai kakata ta ba ni wata jar kaza mai tukku, ta ce duk ranar da na bar ta da yunwa ni ma ba ni ba tuwo. Kazar ta yi 'ya'ya, kajin suka zama akuya, akuyar ta zama tumaki biyun da aka kaɗa kasuwa lokacin bikina. Don haka ranar da 'yata ta tsaya a bakin ƙofar kicin ta ce tana son ta yi kiwo, ba ni da bakin cewa a'a. Irin dabbar ce dai ban tambaya da wuri ba.

A lokacin muna Mount Hope, cikin Bronx, hawa na biyar a wani tsohon bene mai lif da yake aiki ranar da ya ga dama. Ƙarshen shekarun tamanin na biyo maigidana da yarinya 'yar shekara huɗu a hannu, ga shi har mun shiga casa'in da 'yan kai. Shi yana aikin lodin kaya a filin jirgi, can wajen unguwar Jamaica, ya fita bayan sallar asuba sai la'asar sakaliya. Ni ina kitso a falo, ran Asabar kuma in hau jirgin ƙasa zuwa wani shagon kitso a Harlem, inda muke mu shida, da 'yan Nijar da 'yar Kumasi guda, kowa da irin Hausarta, muna yi wa juna dariya. Har yau in ƙanshin man kitso ya haɗu da zafin hita, falon nan nake tunawa, da tagarsa mai kallon bayan wani benen, da igiyoyin shanyar mutanen da ban taɓa gaisawa da su ba.

Yarinyar nan ita ce 'yar farina, ni kuma tarbiyyar gargajiya aka yi mini. Ban taɓa kiran sunanta ba. "Ke" nake cewa, ko "yarinyar nan". Ba na zama in yi hira da ita, ba na yabonta a gaban mutane, in tana magana idona yana kan aikin hannuna. Haka uwata ta yi wa yayanmu, haka aka yi wa uwata. A gida wannan ba ya cutar da kowa. Uwa ta kau da kai, kaka ta ɗauka, goggo ta goya, inna ta ajiye mata ƙanzo. Yaro bai rasa komai ba, in ya girma kuma ya gane. To mu mun kwaso kunyar mun hau jirgi da ita, mun baro kakar da goggon a Kano. A ɗaki biyu da falon nan ba kowa sai ni, ni kuma na kau da kai.

Da na haifi ƙanwarta a nan, wadda nake kiran sunanta sau hamsin a yini har da waƙa, sai babbar ta tambayi ubanta da Turanci, ina ji daga kicin, me ta yi mini. Ya yi dariya ya ce al'ada ce, ya yi mata bayani mai kyau. Ta ce to. Daga nan ta daina kawo mini komai. Takardar makaranta sai uba, ciwon kai sai uba, Hausar ma ta ƙafe a bakinta, in na yi mata magana ta amsa da Turanci, gajere. Ina gani ƙiri-ƙiri 'yata tana zame mini, abin yana cin raina, kuma ban san ta inda zan kama ba. In na ce zan sake hali sai bakina ya yi nauyi.

Shi ya sa tsayuwar nan tata a bakin kicin ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Tana da shekara goma, kuma shi ne abu na farko da ta roƙe ni kai tsaye cikin shekara biyu.

"Mama, ke ma an ba ki kaza," ta ce. Ashe tana jin labarin in ina ba masu kitso.

Na ce ai mai bene ya hana kare da mage, kare kuwa ko bai hana ba ba zai kwana inda muke salla ba. Ta ce ba su ba ne. Ta buɗe wani littafi da ta aro a laburare ta miƙo mini. Na leƙa, na yi a'uziyya. Gizo-gizo ne, ƙato, girman tafin hannu, jikinsa duk gashi. Ta ce sunansa tarantula, malamarsu tana da guda a aji, ba ya kuka, ba ya wari, ba ya bukatar a fita da shi yawo. Na ce wannan ai tautau ne da ya samu wuri ya ƙoshi, a garinmu takalmi ake bin sa da shi.

Da uban ya dawo na kai masa ƙara, ina sa ran ya kashe maganar in huta. Ya kalli hoton ya daɗe, ya ce gizo-gizo dai yana da alfarma tunda shi ya saƙa yana a bakin kogo, amma bai taɓa jin wanda ya ajiye shi a ɗaka yana ba shi abinci ba. Sannan ya miƙe ƙafa ya ce, "Ke da 'yarki." Mutumin nan in yana son ya jefa ni a ruwa haka yake yi. Na kwana ina juyi, da safe na ce da ita, ban kalle ta ba, ta shirya ran Lahadi mu je.

Shagon yana wani titi da ya ɓalle daga Grand Concourse, tsakanin mai wanki da mai sayar da katifa. Ciki ɗumi, warin tsuntsaye da na ruwan kifi. Mai shagon wani gajeren mutum ne mai jin Sifaniyanci, ya kai mu can ƙurya inda ya jera ƙananan akwatuna guda biyar, kowanne da nasa a ciki. Yarinyar ta tafi kai tsaye wajen wani mai jan gwiwa, mai kyau kamar an yi masa lalle. Yana ganin inuwarmu ya ɗaga ƙafafun gaba.

A nan ne jinin kiwo ya motsa mini. Tsoro ina jin sa, amma ba za a yi zaɓen dabba a gabana a yi shirme ba. Na ce ta tambayi mutumin mace ce ko namiji. Ya ce namiji. Na ce a'a, mace ake kiwo, namiji na yanka ne ko na sayarwa. Da ta fassara masa ya yi dariya har da dafa kanta, ya ce gaskiyata ce, namijin ba ya daɗewa, macen kuwa sai ta yi shekara ashirin. Yarinyar ta ɗago ta kalle ni, irin kallon da ban saba samu ba. Ni kuwa sai na ƙara ƙaimi. Na bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya yadda kakata take bin tumaki a kasuwa. Na ƙirga ƙafafun kowacce. Na sa ya taɓa su da bayan fensir in ga mai faɗa da mai haƙuri. Na duba ƙugu, don dabba a ƙugu ake gane ƙoshinta. Ta ƙarshe wata ce mai ruwan ƙasa, da ɗan ja-ja a gadon baya, ta kwanta shiru abinta, bayanta ya cika tam har yana sheƙi, da ɗan sanƙo mai duhu a tsakiya. Aka taɓa ta, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta sauke cikin nutsuwa. Na ce wannan.

Mai shagon ya duba sanƙon nan ya yi wa yarinyar wani dogon bayani da sauri, tana gyaɗa kai. Na ji wata kalma tana ta maimaituwa, ban kama ta ba, ban kuma tambaya ba. Na so in taya, ta ja mini gefen mayafi don kada in ba ta kunya, na haƙura. Muka fito da akwatin gilashi, da buhun ƙasa ƙarami, da gyare masu rai a leda, su ne abincin. A cikin bas ta rungume ƙaramin kwalin a ƙirji, ni ina riƙe da ledar gyare nesa da jikina, wata tsohuwa a gefenmu tana ta kallonmu.

Gyaran ɗakin tare muka yi, kuma yana cikin yinin da na fi so a duk zamana na ƙasar nan. Ta ce akwatin kada ya yi tsawo, don in ta hau bango ta faɗo cikinta fashewa yake yi. Ta ce ƙasar ta zama busasshiya. Aka ce ana bukatar wurin ɓuya, na ɗauko wani kaskon turare da na zo da shi daga gida wanda ya tsage a hanya, na ƙarasa raba shi biyu muka kifa rabin a ƙurya, ya zauna kamar don shi aka gina. Murfin kwalbar man shanu ya zama wurin shan ruwa. Murfin akwatin kuwa na ce ban yarda da shi ba, na ɗora masa dutsen guga. Muka ajiye a kan durowa a ɗakin yara, nesa da hita, nesa da taga. Ta raɗa mata wani suna na Turanci da harshena bai taɓa iya ɗauka ba. Ni tunkiya nake ce mata. "Ke, kin ba tunkiyarki ruwa?" Ta yi murmushi ta ɓoye fuska.

Da yammar ranar ta zo ta zauna a hannun kujera, ina yi wa wata mata kitso, ta buɗe littafin nan ta fara karanta mini da ƙarfi. Da Turanci, shafi bayan shafi. Ta karanta ta ɗago ta ce, "Mama, kina ji?" In ce "to, to", idona yana kan tsagar kai. Ga baƙuwa a zaune, yaya za a yi a ga na saki aiki na zuba wa 'yar fari ido? Matar ma sai da ta ce, "Hajiya, 'yar nan taki akwai ƙoƙari." Na ce, "Surutu dai." Yarinyar ta karanta wani wuri sau biyu, a hankali, tana nuna hoto da yatsa. Ban ɗago ba. Ta rufe littafin ta tafi.

Kullum in za ta makaranta sai ta ce, "Mama, kar ki taɓa ta." In ce wa zai taɓa wannan abu. Amma tana fita nake shiga ɗakin. Tunkiyar ta ƙi cin abinci, a kiwo kuwa dabbar da ta ƙi ci ba ta da lafiya. Sati ɗaya, sati biyu, sati uku. Yarinyar ta ce ba komai, haka suke yi, ta kwashe gyaren. Ni ban yarda ba, in ta tafi sai in jefa guda in tsaya ina lallashi da Hausa, gyaren ya yi ta yawo a gabanta ko kallonsa ba ta yi, in gaji in cire. Sannan ta fara shimfiɗa yana a ƙasa, fara sol. Mu kuwa an ce yanar gizo-gizo a ɗaki tsiya take kira, sau biyu ina sa tsinken tsintsiya ina naɗe ta. Washegari in tarar ta sake shimfiɗawa.

Wata Talata cikin sanyi, bayan na sallami mai kitson safe, na leƙa na tarar da ita a kan yanar nan, kwance ta baya, ƙafafu a sama, ba motsi. Na ƙwanƙwasa gilashi. Na hura mata iska. Shiru. Duk wanda ya taɓa ganin kyankyaso ko ƙwaro a haka ya san abin da ya faru. Na zauna a bakin gado. Ni na zaɓe ta. A gaban yarinyar na yi ta baje sanin dabba, na ture wanda take so, na ɗauko mata marar lafiya.

Abin da ya zo mini shi ne abin da zai zo wa duk wanda aka haifa inda aka haife ni. Gawa ba a barinta tana jira, kuma ba a barin yaro ya tarar da ita. A gidanmu in akuyar yaro ta mutu yana makaranta, kafin ya dawo an kawar, a zaunar da shi a ba shi haƙuri. Tausayi ne. Na ɗauko farin hankici sabo, na shimfiɗa a cikin kwalin takalmi, na sa ludayi na kwaso ta. Ta zame a bakin ludayin, na tare da cokali, na ji ƙafa ɗaya ta lanƙwashe. Na kwantar da ita, na rufa mata gefen hankicin, na rufe kwalin. Akwai wani ɗan fili da bishiyoyi uku a bayan benenmu, can na yi niyya.

Har na saka rigar sanyi na goya ƙaramar sai na tsaya a bakin ƙofa. Ban taɓa haƙa rami na binne komai ba. A wurinmu ba aikin mata ba ne, ko kyanwa ce ta mutu namiji ake kira. Na san abin dariya ne, gizo-gizo ne fa, amma ƙafata ta ƙi fita. Na koma na buga wa maigida waya a wurin aiki, aka yi ta nemansa da kyar aka samo shi.

"Malam, tunkiyar yarinyar nan ta mutu."

"Allah ya mayar da alheri. Ki zuba a shara mana."

"A shara? Dabbar yarinya? Ka dawo da wuri ka binne ta kafin a tashi makaranta."

"Hajiya, in bar aiki in ce da oga me? Za ni jana'izar gizo-gizo? Ki ajiye, in na dawo na yi."

Na ajiye kwalin a saman firji, na yi ta zagaye falo ina jin haushinsa. Yau ina gode masa. Da ya ji maganata, ko kuma da a ce ni mai ƙarfin hali ce, da labarin nan ya ƙare a gindin bishiya.

Ƙarfe uku da 'yan mintuna na ji mabuɗinta. Ko jaka ba ta sauke ba ta wuce ɗaki, kamar kullum. Na ji shiru. Sai ga ta a bakin kicin, daidai inda ta tsaya ranar farko.

Na ce, "Ke, zauna. Haƙuri za ki yi. Kowane mai rai..."

Ba ta bar ni na ƙarasa ba. Ta tambaye ni da Turanci yadda na same ta. Na ce a kwance. Ta sake tambaya, wannan karon da Hausarta mai tsalle-tsalle, don ta tabbatar na ji: "Ta baya? Ƙafa sama?" Na ce e. Fuskarta ta sauya, ta ce ina take. Na sauko da kwalin. Ta ɗora a tebur ta ɗaga murfin a hankali, ta janye hankicin da yatsa biyu.

Gizo-gizo biyu na gani. Ɗaya a yashe, fanko, ɗaya kuma a gefensa, jiƙe, launinta ya yi haske, tana motsa ƙafafu a hankali kamar mai miƙa bayan barci. Saɓa ta yi, irin ta maciji. Kwanciyar bayan nan haka suke yi in za su fita daga tsohuwar fata, yanar da nake ta naɗewa kuwa shimfiɗar aikin ce. Ƙin cin abinci, da sanƙon da ya yi duhu, da cikar da na gani na ce ƙiba ce, duk alamarsa ne. Abin da mai shago ya faɗa ke nan, kuma wurin da aka karanta mini sau biyu ke nan.

Yarinyar tana ƙirga ƙafafu, leɓenta yana motsi. Ni ma na ƙirga. Bakwai. Ta takwas ɗin tana maƙale a cikin tsohuwar fatar, ita ce wadda cokalina ya lanƙwasa.

Ba ta yi ihu ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, da Turanci, muryarta a ƙasa, "Na karanta miki. Sau biyu." Ta ɗauki kwalin da hannu biyu ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Kwana tara ba ta ce mini komai ba ban da gaisuwa. Ta daina cewa kar in taɓa, sai dai ta ɗauki wani zare ta ɗaure murfin akwatin da wani irin ƙulli, in ta dawo ta duba ko an kwance. Wannan zaren ya fi zagi ciwo. Uban ya ce in ba ta haƙuri kawai a wuce wurin. Yadda ya faɗa kamar abu mai sauƙi. Uwa ta ba 'yar fari haƙuri? Ban taɓa gani ba, ban san da wace kalma ake farawa ba. Na yi mata dambun nama, na yi mata alkaki, ta ci ta ce an gode.

A rana ta goma na je laburaren da kaina, da goyo, na yi ta kwatance da hannu har matar wurin ta gane littafin da nake nufi. Da yarinyar ta dawo ta tarar da shi a kan tebur, ni kuma a zaune, ba kitso, ba tsintar shinkafa, hannuna biyu a kan cinya. Na ce, "Ke, zo ki karanta mini. Ki juya mini da Hausa, ban iya Turancin littafi ba." Ta tsaya tana kallona. Ni ma na kalle ta, a ido, abin da ban taɓa yi da gangan ba. Wuyana har ciwo yake don son in sunkuya.

Sati biyu muka yi a kan littafin nan, kullum bayan la'asar. Hausarta ta yi ta tuntuɓe, ni ina miƙa mata kalma. Ba ta san "saɓa" ba, ba ta san "ƙugu" ba, ta ce wa gyare "ɗan tsalle" na yi dariya har da hawaye, ita ma ta yi. A nan na ji cewa in sun mutu da gaske ba sa juyawa, ƙafafu suke naɗewa a ƙarƙashin ciki. A nan kuma na ji cewa ƙafar da ta ɓata tana iya dawowa a saɓa ta gaba. Na ce yaushe. Ta ce babba ce, sai shekara, ko fiye. Ta ce kuma ba tabbas. Zaren dai bai bar kan murfin ba.

Shekara ɗaya da wata biyar muka jira. Tunkiya tana yawo da ƙafa bakwai, tana ɗan karkata in za ta juya, kullum na gan ta sai in tuna da cokalin nan. Na zama mai sayo gyare, mai shagon har ya san ni, yana ce mini uwar gizo-gizo da Turancinsa. Masu kitso suka ji labari, wasu su leƙa su yi salati, wata 'yar Damagaram ta ce ba za ta ƙara zuwa ba sai an fitar da abin, na ce to Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Tsakanina da yarinyar ya yi sauƙi, tana kawo mini labarin makaranta jefi-jefi. Amma akwai sauran abu a tsakani, ni na sani ita ma ta sani.

Da ta sake ƙin abinci, yanar nan ta sake bayyana a ƙasa, ban kusance ta da tsinke ba. Wata Alhamis cikin bazara, da hantsi, na leƙa na gan ta kwance ta baya. Ko da na san komai, ba ta da maraba da gawa. Na buga wa mai kitson ranar waya na ce kada ta zo. Na kai ƙaramar wajen maƙwabciya. Na jawo kujera gaban durowa na zauna, na tura hannuwana biyu ƙarƙashin cinya na danne, don ban yarda da su ba.

Awa uku ba abin da ya motsa. Na yi azahar a nan gefe na dawo. Can sai gadon bayan ya ɗago kamar murfin tukunya, ta fara turo kanta, kaɗan-kaɗan, ta huta, ta sake. Ƙafafu suna zarowa daga tsofaffin kamar ana cire safa. Ina addu'a a bayyane, ban damu da wanda zai ji ina roƙon Allah a kan gizo-gizo ba. Da ta gama ta ture fankon gefe, na matso na ƙirga. Na sake ƙirgawa da yatsa a kan gilashi. Ta takwas ɗin siririya ce, gajeriya, fara-fara, ba ta kai sauran ba. Amma tana nan, tana motsi.

Na duba agogo, uku saura. Na je tagar falo, ba a ganin titi daga nan, sai na fita kan matakala inda akwai wata ƙaramar taga mai kallon ƙofar bene, na tura ta da ƙarfi ta buɗe. 'Yan makaranta suna ta wucewa. Na hango ta da jakarta a kafaɗa ɗaya, ta tsaya da ƙawayenta a bakin shagon kusurwa, ba ta da niyyar hawowa yanzu. Hawa biyar ne tsakaninmu, ga motoci, ga yara fiye da ashirin a kan titin. In na ce "ke", wa zai waiwayo?

Na kira sunanta. Ya fito mini wani iri, kamar ba bakina ba, don sau ɗaya na taɓa ambatarsa, a zuci, ranar da aka raɗa. Na sake kira da ƙarfi.

Ta waiga hagu, ta waiga dama, tana neman wanda ya san ta a unguwar. Sannan ta ɗaga kai. Ta daɗe a tsaye a haka, ƙawayen suna yi mata magana ba ta ji. Ni kuma da ban san me ake cewa bayan suna ba, sai na zuro hannu biyu ta taga na nuna mata yatsu takwas.

Lif ba ya aiki ranar. Ina jin takunta tun daga hawa na ɗaya, tana tsallake matakala bibbiyu. Da ta iso tana haki, na matsa gefe na ba ta hanya ta wuce ɗaki ta gani. Ba ta wuce ba. Ta tsaya a gabana, jakar ta zame daga kafaɗarta, ta ce da Hausa, "Mama, sake faɗa."

Na sake faɗa.